Fiyus ɗin amfilifaya yana yawan yankewa, mai wayarin ya ce a sa na 200A

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Camry ce, batir yana gaba, amfilifaya biyu a but. Ɗaya na wufa ne, Class D, wat 1000 RMS a ohm 1, babu fiyus a jikinsa. Ɗayan mai layi huɗu ne, Class AB, wat 75 kowane layi, da fiyus biyu 'yan 25A a jiki. Jar wayar irin ta cikin kwali ce da aka rubuta wa geji 4, wato lambar kaurinta, tsawonta kusan mita biyar, ta zo da fiyus na gilashi mai 60A. Da an ƙure sauti wufa ya fara duka sai ya yanke, na uku ke nan a sati guda. Mai wayarin ya ce a sa 200A kowa ya huta. In bari ya sa? In ba haka ba, nawa ya dace?

Injiniya Bala:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Don Allah kada ka bari a sa 200A a kan wannan wayar.

Fiyus ɗin da ke kusa da batir ba amfilifaya yake gadi ba, waya yake gadi. Aikinsa shi ne in wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota, ko aka ja mata wutar da ta fi ƙarfinta, ya riga ta mutuwa. Saboda haka daga amfilifaya ake gano kaurin waya, daga waya kuma ake gano fiyus. In aka juya lissafin, waya ce za ta zama fiyus ɗin, a ƙarƙashin kafet, kusa da ƙafafun fasinja.

Ga lissafin naka. Ba duk wutar da amfilifaya ya sha ce take zama sauti ba, wata zafi take komawa. Class D yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari, Class AB kuwa 50 zuwa 60. In injin yana aiki ka ɗauki volt 13.8.

Na wufa: 1000 a raba da 0.8 ya ba da 1250, a raba da 13.8, kusan 90A.
Mai layi huɗu: 300 a raba da 0.55 ya ba da 545, a raba da 13.8, kusan 40A.

Jimilla 130A in an ƙure su duka. Kiɗa ba ya jan haka kullum, yana hawa yana sauka, shi ya sa ɗan 60A ɗin yake jurewa na wani lokaci kafin ya sare. Bai yi laifi ba, ya yi ƙarami ne kawai.

Abin da aka saba ɗora wa waya ta jan ƙarfe tsantsa: geji 8, wato kusan 8mm², kada a wuce 50A; geji 4, kusan 21mm², 125A; geji 2, kusan 34mm², har 200A; geji 1/0, kusan 53mm², 250A zuwa 300A. Waɗannan iyaka ce, ba dole sai an kai su ba. Ƙasa da iyaka babu matsala, sama da ita ce haɗari.

Ka ga ke nan geji 4 na gaske ma a bakin ƙarfinta take. A mita biyar da 130A za ta cinye kusan rabin volt kafin wuta ta isa but. Shawarata ka ja geji 2, ka sa fiyus irin ANL, wanda ake ɗaurewa da noti, mai 150A a wajen batir. A but ka sa akwatin raba wuta mai fiyus: geji 4 da 100A zuwa na wufa, geji 8 da 50A zuwa mai layi huɗu. Duk inda waya ta sirance dole a sake mata nata fiyus, domin 150A ɗin gaba ba zai ji kukan geji 8 ba ko da tana narkewa. Tunda na wufar ba shi da fiyus a jiki, ka duba littafinsa. In kamfanin ya faɗi adadi, nasu za ka bi.

Usta Mai Riwaya:
Lissafin Injiniya daidai ne, sai dai ya tsaya a kan cewa wayar jan ƙarfe ce, ni kuma ina shakkar haka. Mafi yawan na cikin kwali masu araha alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, abin da ake rubuta wa CCA. Wutar da yake ɗauka kusan kashi 60 zuwa 65 ne na jan ƙarfe, don haka geji 4 na CCA daidai yake da geji 6 na gaske, bai kamata ya ga fiyus sama da 80A ba. Wasu ma roba ce aka kumbura, ka fere sai ka tarar silin ciki bai fi na geji 8 ba. Araha ba ta ado.

Ƙanena, gwada ta ba wuya. Ka fere bakin wayar, ka zaro sili ɗaya ka kankare da reza. In cikin ya fito fari, alminiyom ne. Ko ka kunna masa ashana: na alminiyom zai lanƙwashe ya zube nan take, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi baƙi yana nan tsaye. Kada ka ruɗe da wata mai kyau da ake shafa wa kuza, ita farinta a waje yake, cikinta ja. A hannu ma za ka ji, ta jan ƙarfe tana da nauyi.

In ba ka sami geji 2 na gaske ba, ka je wajen masu kayan walda ka sayi wayar injin walda mai 35mm². Tana da laushi, robarta tana jure zafi, amma ita ma a kankare a gani kafin a biya.

Wajen ja, a fara cire baƙin kan batir, a kuma bar fiyus a aljihu sai an gama komai. Mazaunin fiyus ya kasance kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, in an samu 20 ya fi, domin guntun da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai gadi. A ɗaure mazaunin da kyau, kada a bar shi yana lilo. Inda wayar za ta ratsa ƙarfen da ya raba injin da cikin mota, a nan motoci suka fi kama wuta: bakin hujin kaifi ne da shi, gargadar hanya kuma tana sa waya tana goga a hankali har ta kai ga sili. A bi ta robar da kamfani ya sa, ko a huda sabo a sa masa zoben roba, a zura wayar cikin tiyo. Salatif kaɗai ba ya yi, zafi yana saki.

Baƙar waya kuma, wadda take tashi daga amfilifaya zuwa jikin mota, kaurinta ya zama daidai da ja, wutar da ta shiga ita ce za ta fita. Gajera, ƙasa da rabin mita in zai yiwu. A goge fenti da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli kamar sabon kwano, a sa kan waya na jan ƙarfe da aka matse da abin matsewa, ba wanda aka daddaka da guduma ba, a ɗaure da noti da washa, sannan a shafa ɗan giris ko fenti a kai saboda tsatsa. A leƙa ƙasa kafin a huda but, tankin mai yana nan kusa. Wayoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, su bi ɗaya gefen motar, ba tare da jar waya ba.

Malam Habu Gusau:
Ina so in ƙara a kan yadda ake karanta mutuwar fiyus, don kowace da abin da take nunawa.

In da sa shi ya fashe, rediyo a kashe, to waya tana taɓa jiki ko amfilifaya ya ƙone daga ciki. Ka cire jar waya daga amfilifaya, ka naɗe bakinta, ka sa sabo. In ya sake fashewa waya ce, in ya zauna amfilifaya ne. In kuwa sai an ƙure sauti yake yankewa, kamar naka, ko ya yi ƙarami ko an haɗa wufa ƙasa da ohm ɗin da amfilifaya yake iyawa. Wufa mai nadi biyu 'yan ohm 2, in aka haɗa su kai da kai, wato ja da ja, baƙi da baƙi, ohm 1 ne. Irinsa biyu duk kai da kai sun koma rabin ohm, amfilifaya zai yi ta zuƙar wuta har ya hallaka. A sa mita a auna. Na uku, ka ga robar mazaunin ta narke ta yi ruwan ƙasa amma fiyus bai yanke ba: wannan sako-sako ne. Na gilashin nan sun yi suna a haka, sukurorinsu suna kwancewa, wurin ya yi ta zafi. Shi ya sa sama da 60A gara ANL mai noti.

A yi la'akari da zafin ƙasarmu kuma. Ana auna fiyus ne a wajen digiri 25, ƙarƙashin bonet kuwa a watan Afrilu ya ninka haka har da ƙari, sai ya yanke tun bai kai adadinsa ba. Maganin shi ne a nisanta shi daga injin da salansa, ba a ƙara masa lamba ba. Masu naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus, ina roƙonsu su daina, da iyali ake shiga motocin nan.

Sai maganar altaneta, wadda ake mantawa. Ka karanta lambar da ke jikinta. Na ƙananan motoci galibi tsakanin 80A da 100A ne, fitilu da iyakwandishan da fankar lagireto kuma suna iya cinye rabi. Ka sa mita a bakin amfilifaya, injin yana aiki, ka ƙure sauti. In yana sauka ƙasa da volt 12.5, ka auna a kan batir. In batir yana 13.8 amma but yana 12.5, asarar a waya take ko a baƙar waya. In duka biyun sun faɗi tare, altaneta ce ta gaza.

Ɗan Kurna:
Allah Ya saka da alheri. Na kankare, fari ne tas a ciki. Zan sayi 35mm² ɗin. Da dare fitilu suna lumshewa in wufa ya buga, an ce in sa kafasito. Zai magance?

Injiniya Bala:
Kafasito ba ya ƙirƙirar wuta, ɗan tanadi ne na ƙiftawar ido, daga altaneta ɗin dai yake cika. Zai iya rage lumshewar kaɗan, amma ba zai cike giɓi ba. Ka ajiye kuɗinsa tukuna.

Ka fara da sauya wayar, sannan a ƙara kaurin wayoyi uku a ƙarƙashin bonet: daga altaneta zuwa jan kan batir, daga baƙin kan batir zuwa jikin mota, daga injin zuwa jikin mota. Ba cire na kamfani za a yi ba, ƙari za a ɗora a kai, da ragowar 35mm² ɗin ko 25mm². Ta altaneta a sa mata nata fiyus kusa da batir, daidai da kaurinta. Ta biyun, wato ta baƙin kan batir, tana da muhimmanci a wajenka, domin duk wutar da amfilifaya ya ja daga batir ta wannan siririyar baƙar wayar ta kamfani take komawa. Ka sayi mita bakwai ko takwas don ya ishe ka duka, da kawunan waya masu hujin da ya yi daidai da notin batir.

Bayan haka ka sake aunawa yadda Malam Habu ya ce, da fitilu da iyakwandishan a kunne. In volt ya tsaya sama da 13 a bakin amfilifaya, ka gama. In har yanzu yana faɗuwa a kan batir kansa, a gwada lafiyar batir ɗin, sannan a duba ko an murɗa gen ɗin amfilifaya, wato maɓallin daidaita ƙarfin sautin da ke shigarsa, fiye da kima, kafin a kai ga maganar babbar altaneta. Ka kawo mana lambobin da mita ta nuna a wuraren biyu.