Masu rufin kwano da masu yankan tayil, yaya kunnuwanku?

Kafinta, Kano:
Assalamu alaikum. Shekarata 19 ina rufin kwano. Tun bara nake jin wani abu kamar kukan gyare a kunnen hagu, musamman in dare ya tsala gari ya yi tsit. Abin da ya fi damuna, ina sahu na uku a masallaci amma karatun liman yana kuɓuce mini. Akwai wanda hakan ta same shi?

Mai tayil, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni injin yankan tayil ne ya ja mini. A cikin banɗaki nake yanka, ƙarar ta daki bango ta dawo kaina. Sai da uwargida ta dame ni cewa ina ƙure rediyo, sannan na je Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna. Aka sa ni a wani ɗaki shiru, aka ɗora mini abin saurare a ka, ana sako sauti ina danna maɓalli. Siraran sautukan duk sun tafi. Likita ya ce akwai wasu 'yan gasu a can cikin kunne, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Wanda ya rage kawai ake tsarewa.

Birkila, Maraɗi:
Mu auduga muke cusawa ranar zuba kankare.

Injiniyan gini, Abuja:
Baba, auduga ba ta tare komai sosai. Ku nemi abin toshe kunne na soso: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ya buɗe. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara. Iyakar da ba a so kunne ya wuce ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Injin yanka yana kai 100, wato minti 15 ke nan a yini. In sai ka ɗaga murya kafin na gefenka ya ji, ƙarar ta yi yawa. Ni janareta ma can nesa nake sa a ajiye.

Kafinta, Kano:
Ranka ya daɗe, tsorona a sama ne. In na toshe, yaya zan ji yaro yana cewa "Maigida, katako"?

Mai tayil, Kaduna:
Rage ƙara yake yi, kira kana ji. Ka je a auna ka, Malam, kuma ka saya har da yaranka. Su ne suke riƙe kwanon, kansu dab da guduma.