Yarona ya iya canji a kasuwa, amma faraksiyon ta gagare shi

Wata uwa daga Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗana shekararsa 13, yana sankiyam, wato aji biyu na kolej. Jiya na buɗe kayensa, wato littafin rubutunsa, na ga a lissafin faraksiyon (kason abu, kamar rabi da sulusi) ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, malaminsu ya zabga masa jan biro. Abin da ya ɗaure mini kai, in na aike shi Kasuwar Dole da jaka biyu, ko dala ba ta ɓacewa a canji. Wanda ya taɓa fama da irin wannan, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Wani tela a Zango: Hajiya, yaronki ba daƙiƙi ba ne. Wanda aka ce masa 350 ya ce dala saba'in, ai rabawa da biyar ya yi a ka, bai dai san sunanta ba. Tawa ƴar ma haka ta yi. Na sayo dogon burodi na yanka shi gida shida. Na ce ɗauki rabi, ta ɗauki uku. Na ce ƙara sulusi, ta ƙara biyu. Na ce to nawa ke hannunki? Ta yi shiru tana kallon gutsure ɗaya da ya rage a faranti, can ta ce biyar cikin shida. Tun ranar ba ta sake tara lambobin ƙasa ba.

Wani malamin islamiyya: Ku riƙa gaya musu sunayen da Hausa: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. A rabon gado, in mamaci ya bar ƴaƴa, matarsa sumuni take samu, mahaifiyarsa sudusi. Sai a kasa dukiyar gida 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4. Abin da lakwal ke koyarwa da Faransanci ke nan, malamanmu sun daɗe suna yi a zaure.

Wani magini: Nawa ɗan, jewometiri (lissafin siffofi da kusurwoyi) ce ta hana shi barci. Na tafi da shi wurin aiki lokacin hutu, ya riƙe mini igiya muna fitar da kusurwar ɗaki: santimita 60 ta nan, 80 ta can, in tsakaninsu ya ba da 100 kusurwa ta miƙe. Da suka kai darasin Pitagor (ƙa'idar lissafin miƙaƙƙiyar kusurwa) a katiriyam, wato aji uku na kolej, ya dawo gida yana murna, wai Baba ashe igiyarmu ce.

Wata tsohuwar malamar firamare: Duk na yarda, amma ƙanwata, kafin burodi da igiya ki tambaye shi bakwai sau takwas. In ya fara ƙirga yatsu, to ramin tun daga CE2 (aji huɗu na firamare) yake, kuma zai bi shi har BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej. Minti goma kullum bayan magariba, da alli da ƙaramin allo, ya fi awa uku ranar Lahadi. Kuma don Allah ban da bulala, na ga yara da yawa da tsoro ya rufe musu kai.

Uwar yaron: Madam, na gwada shi da daren nan. Ya ce 54, ya gyara ya ce 56, amma sai da ya leƙa yatsunsa. Na sa a sayo alli, gobe za mu fara haddar "sau" daga layin shida. Burodin kuma sai ranar Asabar in Allah ya kai mu.