Yadda Ake Auna 'Yan Besbol na Sakandare a Amurka: Abin da Muka Gani da Idonmu

Wani mahaifi, Houston: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana da shekara 16, mai jifa ne a ƙungiyar makarantarsu, kuma kocinsa ya ba da shawarar a kai shi taron gwajin 'yan wasa a dogon hutun da ke tafe. Ina roƙon duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya bayyana mana abin da ake aunawa, da kuma irin nauyin da alƙaluman suke da shi a wurin masu zawarcin 'yan wasa.

Mataimakin koci, Atlanta: Wa alaikumus salam, Malam. A tarukan da na raka yaranmu, irin waɗanda cibiyar tantance matasan 'yan besbol ta Perfect Game take shiryawa, da gudun yadi 60 ake farawa, kuma yaron da ya gama ƙasa da daƙiƙa 7 ya shiga sahun waɗanda za a sake dubawa. Daga nan a auna ƙarfin jifa daga fili, a auna saurin ƙwallo lokacin da ta bar sanda, sannan masu jifa su hau tudu, wato ɗan tudun ƙasar da ake tsayawa a kai a jefa wa mai bugu ƙwallo. Masu zawarci suna ba kowace baiwa maki daga 20 zuwa 80, inda 50 take nufin matsakaicin ɗan wasan MLB, babbar gasar ƙwararrun 'yan besbol, don haka kada ranka ya ɓaci idan ka ji an ba ɗanka 40.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke aiki a bayan raga. Da yaro ya ɗaga ƙafa zai yi jifa za ka ga na'urorin auna gudun ƙwallo sun tashi sama gaba ɗaya, amma bayan 'yan jife-jife sai yawancinsu su ajiye na'urar su koma gefe, domin su ga yadda hannunsa yake fita da inda ƙafarsa take sauka. Kowa yana maganar jifa mai gudun mil 90 a awa, sai dai na ga an bi dogon yaro siriri mai jefa 85 cikin sauƙi, an bar wani kakkaura mai jefa 90 da kyar, saboda ana ganin na farkon bai gama cika ba, shi kuwa na biyun ya riga ya kai iyakarsa. Har tsawon mahaifin yaro suke kallo.

Wata uwa, Bronx: Nawa ɗan mai cafe ƙwallo ne a bayan mai bugu, kuma abin da ake auna musu shi ne lokacin da ƙwallo take ɗauka daga shigarta safar hannunsa zuwa isarta zango na biyu na filin bayan ya jefa ta, inda daƙiƙa 2 take zama mizani. A wurin gwaji yara suna miƙewa tun ƙwallon ba ta iso ba domin su rage lokaci, masu zawarci kuwa sun san da haka, shi ya sa suka fi yarda da abin da suka auna ana cikin wasa. A yawancin makarantun Amurka da sandar ƙarfe ake bugu, amma ranar da aka ba ɗana ta katako, ƙwallayen da suke tsallake shinge sai suka riƙa faɗawa hannun masu tsaron fili. Mu na yankin sanyi kuma kakar wasanmu gajeriya ce idan aka kwatanta da Florida ko Texas. Mike Trout ma daga New Jersey ya fito, sai a lamba ta 25 aka zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na MLB a 2009, ga shi daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan gasarsa har sau uku.

Wani mahaifi, Dallas: Hajiya ta faɗi gaskiya, ni kuma gargaɗi zan ƙara. Wata cibiyar horo ta yi mana alkawarin ƙara wa ɗana gudun jifa da ƙwallaye masu nauyi, kuma gudun ya ƙaru, amma yana jefa wa makaranta da ƙungiyar hutu a lokaci guda ba wanda yake haɗa lissafin jifansa. Jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa tiyatar da ake kira Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974, kuma ya fi shekara bai hau tudu ba. Ƙa'idar kare hannun matasa masu jifa mai suna Pitch Smart, ta MLB da hukumar besbol ta ƙasa USA Baseball, ta kayyade jifa 95 a rana ga ɗan shekara 15 zuwa 16, da hutun kwana 4 idan ya kai 76. Malam, ka riƙe littafin ƙirgen da kanka.

Malamar makaranta, Columbus: A ƙa'idar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kociyoyin manyan jami'o'i ba sa tuntuɓar yaro sai daga 1 ga Agusta kafin ya shiga ajinsa na uku cikin azuzuwa huɗu na babbar sakandare, kuma a cikin ɗaliban da na gani, takardar sakamakon jarrabawa tana cikin abubuwan da aka fara nema.

Mahaifin na Houston: Na gode, Allah Ya saka da alheri, Ya kuma ba yaron Alhaji cikakkiyar lafiya. Zan tambayi kocin adadin jifan da ɗana ya yi a kakar nan kafin in biya kuɗin rajista.