Ina gadin gari da dare, amma addu'a ta gagare ni

Mai tambaya:

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri da tsawon maganata, na daɗe ina haɗiye ta.

Ni manomin dankalin Turawa ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bokkos. A harin jajibirin Kirsimeti na 2023 aka kashe yayana. Ni na ɗauko shi daga bakin rafi, takalmi ɗaya a ƙafarsa. 'Ya'yansa huɗu yanzu suna hannuna, ban da nawa uku. Tun lokacin muke gadi bi da bi. Sau uku a mako ina kan dutse da tocila har asuba, cikin sanyin nan namu.

Da, ni nake tada gida sujadar safe. Yanzu da na durƙusa sai barci ya sace ni, in farka goshina a kan kujera. Ranar Lahadi ina cikin mawaƙa, baki yana yi, zuciya tana wani wuri. In an zo addu'ar Ubangiji, daidai wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in ja bakina in yi shiru.

Makon jiya abokin gadina ya ba ni laya, wai maganin ƙarfe. Ya ce, "Yayanka ai mai addu'a ne, yau yana ina?" Na rasa amsa, na karɓa. Ban ɗaura ba, ban kuma yar ba, tana aljihun rigar sanyina. Na ja da baya ke nan? Yaya zan yi in tsaya?

Wani matashi daga Wusasa:

Yaya, ƙona ta yau, kada ta sake kwana a gidanka. Duba 1 Bitrus 5:8, Iblis yawo yake kamar zaki mai ruri, kuma gajiyayye yake nema. Ka shiga azumin kwana uku ka farfaɗo.

Wata uwa daga Michika:

Ɗana, sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da kai. Maganar ƙona laya na yarda da ita. Maganar azumi kuwa, ɗana na Wusasa, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Mutumin da yake kwana a kan dutse, gari ya waye ya shiga gona don baki bakwai, ba yunwa za a ƙara masa ba.

A 2014 da Boko Haram suka shiga Michika, da ƙafa muka fita ta duwatsu. Muka ce mu fake a Mubi, ƙarshen Oktoba ita ma ta faɗi, har hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi aka bari. Muka ƙarasa Yola ba tare da maigidana ba. Wata bakwai ban yi addu'a ba, ni da nake shugabar Zumuntar Mata. Wata tsohuwa da muke ɗaki ɗaya ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Kullum da asuba sai ta kama hannuna ta yi addu'arta da ƙarfi, har da sunana a ciki, ni ko amin ba na cewa. Wata rana sai na ji amin ta fita daga bakina ban shirya ba. Na yi kuka har rana ta fito.

Ka karanta 1 Sarakuna 19. Iliya ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake barci, ya sake ba shi. Ka gaya wa maiɗakinka halin da kake ciki, ita ta riƙe sujadar safe tukuna, kai ka zauna kawai.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Jos:

Abin da Mama ta faɗa haka yake. Ƙanena, in kana mafarkin daren nan, ko ƙarar babur tana sa gabanka faɗuwa, ka je asibiti ka faɗa musu dalla-dalla. Ciwo ne da ake dubawa, ba rashin bangaskiya ba ne. Ka kuma roƙi a rage maka dare ɗaya.

Wani dattijon ikilisiya daga Kafanchan:

Ɗana, wanda ya ja da baya ba ya kwana da damuwar ya ja da baya. A Getsamani almajirai sun yi barci lokacin da aka ce su yi tsaro, kuma Luka 22:45 ya faɗi dalili: baƙin ciki ne. Yesu ya tashe su, bai kore su ba.

Tambayar abokinka tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Buɗe Ayyukan Manzanni 12. A sura ɗaya Hiridus ya kashe Yakubu da takobi, mala'ika kuma ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ba a ce Bitrus ya fi Yakubu addu'a ba, ba a kuma gaya mana dalili ba. Shekara talatin ina dattijo, na binne masu bi da yawa, har yau ba ni da bayani. Amma na sani addu'ar yayanka ba laya ba ce da za a ce ta ƙi ci. Laya tana cewa ka dogara gare ni, harsashi ba zai kama ka ba. Yesu bai yi mana wannan alkawari ba, ya ce yana tare da mu. Shi ya sa ba sa zama a aljihu ɗaya. Kada ka ƙona ta a ɓoye, kai ta wurin fastonka. Abin da aka karɓa a duhu, a fili ake rabuwa da shi.

Gadi kuwa ba zunubi ba ne. Mutanen Nehemiya sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Abin da nake ji maka tsoro shi ne hirar kan dutse, inda fushi yake nuna har a fara cewa "dukkansu ɗaya ne". Ka tuna Liman Abubakar Abdullahi na Nghar, nan Barkin Ladi kusa da ku. A Yunin 2018 ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya ya hana a taɓa su.

Batun gafara, kada ka furta abin da ba ya zuciyarka. In an zo wurin, ce, "Ubangiji, na kasa, taimake ni." In kalmomi sun ƙare, ari Zabura 13 ko 88 ka karanta da ƙarfi. Ta 88 da duhu ta ƙare, an kuma bar ta a cikin Littafi.

Mai tambaya:

Na gode, Baba. Na gode, Mama, na karanta wa maiɗakina labarinki, ashe ta daɗe da lura, shiru kawai ta yi. Jiya na kai wa fasto layar, muka ƙona ta a bayan majami'a. Hannuna yana rawa, ba zan ɓoye muku ba. Yau da asuba maiɗakina ce ta yi addu'a, babbar 'yar yayana ta karanta Zabura 13, ni ina zaune. Ban yi barci ba. Daren Alhamis ne gadina, kuma tare da abokin nan nawa za mu kwana. Ku sa mu a addu'a mu biyu.