Neman taimako: yaya za a ce "popular culture" da Hausa? Jibi za mu naɗi shiri

Mai Shirin Ilimi:
Assalamu alaikum malamaina. Jibi Alhamis za mu naɗi shirin rediyo kan yadda jami'o'in Amurka ke koyar da waƙoƙi da finafinai da tallace-tallacen ƙasarsu a matsayin darasi, da yadda waɗannan abubuwa ke nuna wa Ba'amurke ko shi wane ne. Misalina Jami'ar Bowling Green ta jihar Ohio, inda Ray Browne ya kafa sashe sukutum na wannan fanni a 1973. Darasi ɗaya sai ka tarar an haɗa tarihi da adabi da nazarin zamantakewa a cikinsa. Kalmomi uku sun tsaya mini a maƙogwaro: "popular culture", "identity" da "interdisciplinary". Ta farkon na rubuta "al'adun zamani", amma raina bai kwanta ba.

'Yar Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ta ukun ka ce "haɗakar fannoni", shi ke nan. Zamani kuwa bai fito da ta farkon ba, domin har littattafan araha na ƙarni na 19 da tsofaffin finafinan kaboyi suna nazarta. Ni "al'adun gama-gari" nake gani.

Tsohon Malami:
Ba na son gama-gari ko kaɗan. Mu da muka ga muhawarar shekarun 1990 mun san yadda sunan "adabin kasuwar Kano" ya yi wa marubutan littattafan soyayya ciwo, an kwaikwayo shi daga adabin kasuwar Onitsha, kuma har yau akwai masu jin zafinsa. Gama-gari ma haka take, raini ne a cikinta. Shekaru ina gaya wa ɗalibaina "al'adun tashe". Abin da ke tashe shi ne abin da jama'a suka runguma. Gajera ce, kuma tamu ce.

Ɗan Sabon Gari:
Allah gafarta malam, a rediyo fa za a faɗa. Wanda ya ji "al'adun tashe na Amurka" zai ɗauka yaran Niyok ma suna yawon tashe idan azumi ya kai goma.

Tsohon Malami:
Ɗana, mai sauraro ba jahili ba ne. In an ce mawaƙi yana tashe, wa ya taɓa ɗauka gwauro ake tayarwa? Matsalarmu ke nan: Bature ya ƙirƙiri kalma mu haddace, namu ya ƙirƙira mu shiga neman aibunta.

'Yar Damagaram:
Baba, ba aibu ake nema ba. Tashe na wucewa. Waƙar hip-hop ta taso a unguwar Bronx ta Niyok a 1973, a 2002 aka buɗe mata taskar adana tarihi a Jami'ar Harvard. Abin da ya haura shekara 50 ya wuce a ce da shi tashe. Kuma mu a nan, wanda ya yi boko da Faransanci, in ka ce tashe ba zai haɗa shi da abin da ya karanta ba.

Mai Kishin Harshe:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa za mu kira kiɗa da talla "al'ada" tun farko? Al'ada ita ce aure da suna da kunya da gaisuwa. Ita kanta kalmar ta Larabci ce, mun ara mun girmama ta. Yanzu a ɗora ta kan wasan kwaikwayon talabijin? A ce "nishaɗin Amurkawa" a huta.

Ɗan Sabon Gari:
Abin da abokan aikin Browne suka riƙa faɗa masa ke nan, wai wannan ba ilimi ba ne. Amma Yaya, in waƙoƙin Shata sun cancanci digiri a jami'o'inmu, kuma an yi, to me zai hana nasu? Nishaɗi ya rage wa abin nauyi. Su suna duba yadda fim ke nuna baƙar fata ko 'yan asalin Meziko, da abin da hakan ke haifarwa a zukata.

Mai Kishin Harshe:
Kada ka haɗa Shata da wannan, ƙanena.

Mai Shirin Ilimi:
Don Allah mu dawo, lokaci na ƙurewa. Ta biyun fa? "Asali" na sa.

'Yar Damagaram:
Asali rabi ne. Asali gado ne, ba ka zaɓensa. A can kuwa har da yadda mutum ya ɗauki kansa. Tun ƙidayar 2000 an bar Ba'amurke ya zaɓi launin fata fiye da ɗaya a takarda. Wanda uwarsa baƙa ce ubansa fari, shi zai faɗi inda ya tsaya. "Shaida" kuma za ta kai hankali ga katin shaida. Masu Larabci na cewa "huwiyya", sai dai manomi da ke jin ka a gona ba zai gane ba. Ka ce "asali da yadda mutum ke kallon kansa". Ta yi tsawo, amma ba ta yi ƙarya ba.

Ɗan Sabon Gari:
Ta farkon kuma, me zai hana "al'adun jama'a"? Ba raini, ba ruɗani da azumi. Da ka faɗa sau ɗaya ka lissafa: waƙa, fim, ƙwallo, talla, sutura.

Tsohon Malami:
Jama'a ta yi faɗi da yawa. Bikin aure ma al'adar jama'a ce. Ba ta raba komai da komai ba.

Mai Shirin Ilimi:
Gaskiya ne Baba, shi ya sa zan ce "al'adun jama'a na yau da kullum" a buɗe shiri, in kawo misalai, daga nan in gajarta. Haɗakar fannoni ta shiga. Ta biyun zan bi Hajiya 'Yar Damagaram. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malami:
Shirinka ne, ka yi yadda ka ga dama. Ni dai a ajina tashe zan ci gaba da cewa. In da hali ka ambace ta ko sau ɗaya, mu ji abin da masu bugo waya za su ce.