Ɗan ƙanina ya daina magana tun rasuwar babansa, don Allah a bani shawara

Gwaggon Yara, Pantami:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗan ƙanina ne a hannuna, shekararsa 9, babansa ya rasu wata bakwai kenan, uwar tana fita takaba danginta suka tafi da ita da ƙaramar, shi aka bar min. Yaron nan da kamar rediyo yake wallahi, amma yanzu sai ya wuni a bayan ƙyaure yana murza hular babansa, abinci sai na yi da gaske, ga fitsarin kwance da ya bari tun yana shekara huɗu ya dawo. Maigidana yace shagwaɓa ce har ya zane shi sau biyu, maƙwabciyata kuma tace iska ce a kai shi ruƙiyya. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Malamin Firamare, Bolari:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙansa. Ki roƙi maigida ya ajiye bulalar nan, ba da gangan yaron yake yi ba, duka kuma tsoro zai ƙara masa. Ki duba fa, cikin 'yan watanni ya rasa uba, ya rasa uwa da ƙanwa da gidan da ya saba, mu manya ma da ƙyar zamu ɗauka. Ki haɗa shi da mamansa a waya ko sau biyu a sati, kuma kar a hana shi zancen babansa. Ki je makaranta ki sanar da malamin ajinsu, don mu in bamu sani ba sai mu ɗauka daƙiƙanci ne.

Nas ce ni:
Anti kin yi daidai da kika tambaya da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin shekara 14, amma mu sai yaro ya girma ya faɗa shan tiramol sannan ake neman magani. A yi addu'a, a tofa masa Falaƙi da Nasi, wannan bai hana asibiti ba. Ki kai shi FTH, wato Asibitin Koyarwa na Tarayya, nan Gombe a fara gwada fitsarin ko akwai wata cuta, sannan ki ba likita labarin gaba ɗaya, in da buƙata su tura ku ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba yana nufin hauka bane, wannan kunyar ce take cutar mu. Ko gwamnati ma ta bar tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, an sa hannu a sabuwa a 2023. Amma in kika ji yana cewa gara ya mutu ko zai bi babansa, ranar zaki kai shi, kar ki jira.

Dattijon Jekadafari:
'Yata, da muna yara ɗa na kowa ne, in maraya ya shigo gida kwano ɗaya ake zuba mana, yanzu kowa ya ja get ya kulle. Da yawa cikin yaran da muke kuka da su a Kalare, gungun 'yan dabar nan na Gombe, a gabanmu suka taso babu mai tambayar ko sun ci. Ki lallaɓa maigida ya riƙa kama hannunsa zuwa masallaci, ki tuna masa Annabi (SAW) yace shi da mai riƙon maraya kamar yatsu biyu suke a Aljanna.

Gwaggon Yara, Pantami:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na kira mamansa, da farko ya ƙi karɓa, sai da ya ji muryar ƙanwarsa ya fashe da kuka, na bar shi ya yi har ya gaji. Da zai kwanta yake tambayata wai wa zai kai shi Idi bana. Litinin zamu je asibitin in sha Allah.