Yaƙin Kokoda: wai me ya hana Japanawa kama Port Moresby?

Ɗan Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana tarihi a taimaka min. A yaƙin duniya na biyu Japanawa sun sauka Gona a Papuwa cikin Yulin 1942, suka yi ta kora sojojin Ostireliya ta hanyar Kokoda har Ioribaiwa, saura ƙiris su shiga Port Moresby, babban birnin Papuwa, kawai sai suka juya?? Wai me ya faru ne?

Malam Na Zariya:
Wa alaikumus salam. Yunwa ce ɗan'uwa, yunwa da tsauni. Hanyar nan kusan kilomita 96 ce kuma ba mota ke bi ba, ƙafa ce zalla a kan tsaunukan Owen Stanley, ruwan sama kullum, taɓo, ka hau ka gangara ka sake hawa, to su Japanawa guzurin shinkafa kaɗan suka ɗauko don a zatonsu nan da nan za su gama, kuma duk takun da suka ƙara abincinsu na ƙara nisa, su ko Ostireliya suna ja da baya suna kusantar nasu. Ga yaƙinsu da Amurkawa a tsibirin Guadalcanal ya ɗau zafi, sai aka umarci kwamandan Japanawa Janar Horii ya janye. Shi kansa ruwa ne ya ci shi wajen janyewar a Nuwamba.

Tsohon Soja:
Malam gaskiya ka faɗa amma fa kar a danne haƙƙin bataliya ta 39 ta sojojin Ostireliya. Yara ne, horonsu bai taka kara ya karya ba, kakinsu ma ruwan ƙasa ne a cikin koren daji ana hango su. Duk da haka a Isurava ƙarshen Agusta su da waɗanda suka kawo musu ɗauki sun tsare hanya kwanaki, a nan jarumin sojan Ostireliya Bruce Kingsbury ya mutu. Kwanakin da suka ɓata wa Horii ai su suka cinye masa shinkafar.

Hajiya Umma:
Ni abin da ke taɓa min zuciya mutanen Papuwa ne wallahi, su suka yi dakon abinci da harsashi, su suka ɗauko masu rauni a kafaɗa kan waɗannan duwatsu, wasunsu ma tilasta musu aka yi. Kuma zazzaɓin cizon sauro da atini sun kwantar da sojoji fiye da bindiga. Kakanninmu da Turawa suka kai Bama ai irin wannan kurmin suka shiga da Japanawa.

Ɗan Tudunwada:
Na gode ƙwarai. To Malam, bayan Ostireliya sun ƙwato Kokoda ranar 2 ga Nuwamba, ya aka ƙare a Buna da Gona, sansanonin Japanawa na bakin teku?